Uban Malama Wendy

Rumyana na kokawar cusa ƙafa cikin takalmi, hular kwano rataye a gwiwar hannunta, sai mahaifinta ya ce ta dakata. Ya fito daga kicin da kofin ruwa, ya buɗe ƙofa, ya watsa shi a bakin matakala. Haka ake yi a garinsu can Bulgeriya idan mutum zai fita zuwa wani babban al'amari, a zuba masa ruwa a gaba don komai ya gudana ba tangarɗa. Ya yi mata ranar da ta shiga firamare, ya yi mata ranar da za ta hau jirgi zuwa Vietnam. Abin da ya manta shi ne a ƙauyensu babu wanda yake zaune a ƙarƙashin wani. Ruwan ya bi matakala ya sauka a kan keken Goggo Thoa, mai gidan, ita kuwa ta ɗaga murya daga ƙasa tana tambaya ko famfon nan ne ya sake fashewa.

"Tate, na gaya maka ba wani abu ba ne," in ji Rumyana, da sunan da ake kiran uba a yarensu. "Yara za su yi 'yan waƙoƙi, a ba mu furanni, kowa ya kama gabansa."

"Ƙasa guda ta ware rana don malamai, ke kuma kina cewa ba wani abu ba ne. Wai wa ya rene ki?"

Ya gyara mata wuyan riga. Doguwar riga ce mai tsaga a gefe, irin wadda matan ƙasar suke sawa ranar biki, makaranta ta ɗinka wa duk malamai mata. Ya ce ta yi mata kyau, saura ta daina tafiya kamar mai shirin korar akuya daga lambu. Sannan ya sake tambaya, kamar yadda yake yi kusan kullum, ko da gaske ba a barin baƙi su shiga. Ba zai yi magana ba, can baya zai zauna. Ta ce da gaske ne, doka ce, ba ita ta kafa ta ba. Ta sumbace shi a kunci, ta taka ruwan, ta sauka ba ta waiwaya ba.

Dobri, mahaifin nata, ya shekara talatin da wani abu yana koyar da labarin ƙasa a makarantar ƙauyensu, har yaran ƙauyen suka ƙare, aka rufe makarantar aka mai da ita wurin ajiyar hatsi. Babu kogin Asiya da bai san mafarinsa da inda ya faɗa teku ba, amma kafin wannan tafiya ko fasfo ba shi da shi. Bara da sanyi matarsa ta rasu. Rumyana ta lura duk ranar da ta kira shi a waya da riga ɗaya take ganinsa, kuma ya fara mayar wa rediyo magana, shi ne ta saya masa tikiti ya zo Hai Phong ya yi mata wata guda. Ya iso da farin cuku a gwangwani, da ƙullin wake kamar an ce masa ba a noma a Vietnam, da kwat ɗinsa mai ruwan toka wadda ya yi koyarwa da ita. Ta kai shi bakin teku, ta kai shi kasuwa ya sha jar taliya da romon ƙaguwa, ta koya masa tsallaka titi a tsakiyar babura ba tare da ya tsaya ko ya yi gudu ba. Duk ya gani, ya yaba. Amma abu ɗaya ya zo gani, ita ma ta sani: 'yarsa a tsaye gaban aji.

To, 'yarsa ba ta tsayuwa gaban aji a Hai Phong. Wadda take tsayuwa sunanta Malama Wendy, 'yar Kanada.

Duk wanda ya koyar da Turanci a irin makarantun nan na yamma da ƙarshen mako ya san yadda abin yake. Iyaye so suke ɗansu ya ji Turanci daga bakin wanda aka haifa a cikinsa, masu makarantu kuma ba sa samun isassu, sai su ɗauki duk mai farar fata su yi masa sabuwar haihuwa. A titin makarantarsu kaɗai akwai ɗan Sabiya da ya zama ɗan Landan, da wata 'yar Yukren da ta wayi gari 'yar Ostareliya. Takardun hukuma suna ɗauke da gaskiya, amma iyaye ba takardu suke gani ba, allon ƙofa suke gani. Ranar da Rumyana ta fara aiki, Yaya Diep mai makarantar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce Turancinta ba laifi, amma sunan nan ba zai shiga bakin yara ba, ƙasar kuma ba za ta shiga kan iyaye ba. Ta zaɓa mata Kanada saboda ba kowa ya san yadda mutanen can suke magana ba. Har dangi ta haɗa mata. Ta samo hoton wani dattijo mai faɗin kafaɗa da matarsa a gaban gida cikin ƙanƙara, aka dasa Rumyana a tsakiyarsu, aka manna a bangon aji don darasin iyali. A lokacin dariya abin ya ba ta, don ta ɗauka aikin 'yan watanni ne. Ga shi yanzu yaran da ta fara da su har sun fi ta tsawo.

Ita kuwa 'yar Yukren ɗin nan, wata uwa ce ta ji ta tana waya da yarensu a bayan makaranta. Kafin mako ya zagayo iyaye sun kwashe 'ya'yansu, mai waccan makarantar ta rantse ita ma yaudararta aka yi, kuma da yake izinin zama a ƙasar a jikin aikin yake, yarinyar ta tattara komatsanta ta bar gari. Rumyana ta san labarin. Ta kuma san abin da yake jiranta a gida, ƙauyen da ba yaro ko ɗaya da za a koya wa komai.

Ta tarar an cika ƙofar makaranta da balan-balan da kwandunan furanni. Fuskarta tana nan a kan allon, ta fi girman tagar ɗaki, ga jar tutar Kanada mai ganye a gefe. A ɗakin malamai Lindiwe ce kaɗai, tana fama da maɓallan tata rigar. Lindiwe 'yar Afirka ta Kudu ce, da Turanci ta tashi, kuma koyarwa ta karanta a jami'a, amma baƙa ce, don haka ajinta yana can hawa na uku inda ba mai leƙawa, hotonta kuma bai taɓa hawa allo ba. Ita ce take warware wa Rumyana darasi in ya cije.

"Ranki ya daɗe, 'yar Kanada," in ji ta. "Yaya ƙanƙara a gida?"

"Don Allah ki rabu da ni."

"Tsohon ya sake tambaya ke nan. Kawo min shi hawa na uku mana. Can ko rawa ya yi ba mai gani."

Rumyana ta yi dariya ba don tana so ba. Lindiwe ta juya mata baya ta ce ta ɓalla mata na sama, sannan ta sauya murya ta ce ya kamata ta zaunar da shi ta gaya masa gaskiya, dattijo ne, ba yaro ba ne. Rumyana ta ce za ta gaya masa in ya koma gida, a waya, yadda ba sai ta kalli fuskarsa ba. Lindiwe ta ce wannan dabarar matsorata ce, kuma ita ma da ita take amfani wajen uwarta.

Yaya Diep ta leƙo da waya biyu a hannu, ta ce Maman Bong ta iso har ta kama kujerar gaba. "Ƙanwata, yau ki yawaita murmushi, ki rage magana. Ta zo da ƙawayenta, kuma ba su yanke shawarar inda za su kai yaransu ba." Yaya Diep ba muguwa ba ce. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Rumyana a asibiti ita ta yi jinyarta, kullum da kular faten shinkafa. Mace ce kawai da take da nauyin mutane da yawa a wuyanta. Maman Bong kuwa ita ce bakin iyayen yara, abin da ta faɗa a zaurensu na waya shi ake yi. Ƙanin mijinta yana Toronto ta Kanada, can take shirin tura Bong in ya girma, don haka duk haɗuwa sai ta tambayi Malama Wendy lafiyar mahaifinta likita, da ko ƙanƙarar bana ta yi yawa.

Aka fara da jawabin Yaya Diep. Aka yi rawar 'yan ƙanana, wadda rabinsu da kuka suka yi ta. Sannan aka kira ajin Malama Wendy. Yaran suka jeru, aka haska hoton nan na gidan ƙanƙara a babban majigi, Rumyana ta ɗauki sandar nuni. Ta nuna matar, yara suka ce da Turanci baki ɗaya: wannan mahaifiyar Malama Wendy ce, tana son gasa burodi. Ta nuna dattijon: wannan mahaifin Malama Wendy ne, likita ne, dogo ne, yana son kamun kifi. Iyaye suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ta juyo za ta miƙa wa Bong makirufo, sai ta gan shi.

Yana tsaye a bakin ƙofa cikin kwat ɗin mai ruwan toka, gashinsa ya kwanta gefe guda saboda hular kwanon ɗan acaɓa, rungume da jajayen furanni. Sai daga baya ta ji yadda aka yi. Aikin Goggo Thoa ne. Su biyun ba su da kalma ɗaya da suka yi tarayya a kanta, amma tun zuwansa suke hira da hannu a kan shayi, kuma da ta gane ana biki an bar tsoho a gida sai abin ya ba ta haushi. Ita ta kai shi wajen mai furanni ta yi masa ciniki, ta kira ɗan acaɓa ta kwatanta masa makarantar.

Bai kalle ta ba tukuna, majigin yake kallo. Dobri bai iya Turanci ba, amma mutum ne da ya sa ɗaruruwan yara haddar tutocin duniya, kuma ya ga ta ƙofa, ga wata a kusurwar majigi. Hoton iyali kuwa ba sai an iya wani yare ake gane shi ba. Ga 'yarsa a tsakiya, ga hannun wani mutum a kafaɗarta, ga wata mata lafiyayya tana murmushi a inda ya kamata a ga matarsa. Rumyana ta ga bakinsa yana ɗan motsi, yana ƙoƙarin haɗa baƙaƙen sunan da aka rubuta a ƙasan hoton.

Tsohon Bature da furanni ba ya shiga ɗaki a Hai Phong a rasa mai ganinsa. Yara suka fara juyawa, iyaye suka bi, har mai kula da lasifika ya rage kiɗa. Maman Bong ta dubi tsohon, ta dubi Rumyana, ta sake duban tsohon. Hancin nan mai ɗan lanƙwasa da girar nan da ta haɗe, kamar an tsaga kara.

"Malama, baƙonki ne?" ta tambaya da Turancinta na kasuwanci, murya a tausashe. "Sai na ga kamar jininku ɗaya. Ko Kaka ne ya zo mana daga Kanada? Amma ai bai yi kama da na hoton ba."

Rumyana ta yi tunanin ta ce kawunta ne. Amma ta san Maman Bong, kafin ta rufe baki matar ta isa gabansa tana gaishe shi da Turanci, tana tambayarsa unguwarsu a Toronto. Ta dubi Yaya Diep. Yaya Diep tana murmushi har yanzu, sai dai ta matse wayoyin nan biyu a ƙirji kamar za a ƙwace mata. Can baya Lindiwe ta sunkuyar da kai.

Ta sauko daga dandamali da sandar nuni a hannu. Da ya ga tana tahowa sai fuskarsa ta fara sakewa, ya ɗan ɗago furannin. Ta tsaya nesa da shi kaɗan, irin tazarar da ake ba wanda ba a sani ba, ta yi murmushin Malama Wendy, ta ce masa da Turanci, da ƙarfi yadda na kujerar gaba za su ji:

"Barka da rana, yallaɓai. Hanya ka ɓata? Da me zan taimaka maka?"

Bai fahimci kalma ko ɗaya ba, kuma ba ya bukatar ya fahimta. Tun ranar da ta fara magana a duniya ba ta taɓa yi masa magana da yaren da ba ya ji ba. Ya dube ta, ita kuma ta tsaya tana kallon yadda abin yake shiga masa a hankali. Roƙonsa take yi da ido, kuma ta tsani kanta saboda roƙon. Da zai buɗe baki ya ce "Rumi" kamar yadda ya saba, shi ke nan an gama, kuma can ƙasan zuciyarta akwai wurin da yake so ya faɗa ɗin, kowa ya huta.

Bai faɗa ba. Ya mayar da furannin ƙarƙashin hammata, kawunansu suna kallon ƙasa, kamar wanda ya sayo wa wani daban. Ya sa hannu a aljihun kwat ya zaro taswirar garin, wadda ya saya tun ranar da ya sauka. Ya buɗe ta a juye, shi da yake fitar da yaro waje in ya riƙe taswira a juye. Ya ɗora yatsa a kan tashar jirgin ƙasa, ya ɗaga gira, ya yi fuskar wawan baƙo irin wanda ake gani a bakin kasuwa yana waige-waige. Bai furta komai ba, don ya gane cewa duk abin da ya fito daga bakinsa zai tona mata asiri.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Wani uba ya ce ayya, Kaka ya ɓata. Rumyana ta karɓi taswirar ta juya masa ita daidai, ta nuna masa da sandar, miƙe, sai hagu, sai ka tsallaka gada. Ya naɗe taswirar, ya ɗan rusuna mata, ya rusuna wa iyaye, maigadi ya kama masa hannu ya kai shi bakin titi. Maman Bong ta koma ta zauna tana gaya wa ƙawayenta cewa ai Turawa in sun tsufa duk kamarsu ɗaya. Aka ƙaro kiɗa, Bong ya karɓi makirufo ya ce yana son malamarsa saboda tana da kirki.

Bayan an raba furanni, saura darasin gwaji don ƙawayen Maman Bong. Ajin Rumyana yana ƙasa, bangonsa na gaba gilashi ne zalla, don masu wucewa su riƙa ganin farar malama tana aiki. Malamai suna kiransa kwalbar kifi. A bakin ƙofar Lindiwe ta tare ta ta ce ta je ta bi shi, ita za ta riƙe mata ajin. Rumyana ta ce ai ba darasin suka zo gani ba, fuskar suka zo gani. Da yake gaskiya ne, Lindiwe ta hau sama abinta.

Tana cikin rubuta kwanan wata a allo ta juyo, sai ta hango shi a tsallaken titi. Yana zaune wajen mai shayi a kan 'yar kujerar roba, gwiwoyinsa sun kusa kai masa ƙirji, furannin a cinya. Ba ya ɓuya, ba ya kuma ɗaga mata hannu. Kallo kawai yake yi, kai a ɗan karkace, yadda ta san shi da yi in ya zauna a bayan ajin sabon malami. Ta koyar da darasin har ƙarshe. Ta yi waƙar sassan jiki, ta taɓa kai da kafaɗa, ta yi tsalle, ta raba taurari na takarda, ta yi dariya duk inda ake dariya. Ba ta san ta yaya ba. Lokacin da yara suka tashi suna yi mata sai gobe, kujerar ba kowa.

Yaya Diep ta same ta tana tattara kaya. Ta tsaya ta rasa ta inda za ta fara, sannan ta ce ƙawayen sun ce za su kawo yaransu. Ta ƙara da cewa akwai ganyen shayi mai kyau a ofis, Rumyana ta kai wa Kaka, ta ce daga ita. Ta ce ita ma tana da uba. Rumyana ta karɓi shayin ta yi godiya, don ba ta da ƙarfin yin wani abu daban.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta isa gida, furanni ɗaure a bayan babur har suna jan ƙasa. Goggo Thoa na zaune a ƙofa tana gyaran ganye, tana ganinta ta washe baki. Jajayen furannin nan suna cikin tulu a kan teburinta.

"'Yar nan, ya iso kuwa? Kin yi mamaki ko? Ni na ce masa ya tafi, wace irin makaranta ce za ta hana uba ganin 'yarsa. Kin ga har ya rago min furanni, mutumin kirki."

Rumyana ta ce ya iso, ta yi mamaki ƙwarai, an gode. Ta hau matakalar a hankali.

Ta same shi a kicin cikin singileti yana juya miyar wake. Kwat ɗin tana rataye a bayan ƙofa. Ya dubi tulin furannin da ta rungumo ya ce wannan sai bokiti, ya tafi banɗaki ya ɗauko, ya tsaya yana yanke musu gindi ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa tana tsaye da rigar bikin, ta kasa zama, ta kasa wucewa ciki.

"Kina juya wa yara baya in kina rubutu," in ji shi, bai ɗago ba. "Yaron nan na ƙarshe ta hagu ba ya gani sosai, ki dawo da shi gaba. Kuma kina saurin amsa tambayarki da kanki. Ki riƙa jiransu, ko sun yi shiru za su kawo." Ya jefa wani fure a bokitin. "Amma suna sonki. Na gani tun daga tsallake."

"Tate."

"Zauna ki ci, miya tana hucewa."

Ta zauna, amma ba ta ci ba. Ta gaya masa duka, tun daga ranar farko, allon, hoton, 'yar Yukren, izinin zama. Tana magana tana jin yadda kowane dalili yake fitowa ƙarami. Ya saurara yana gutsurar burodi. Da ta gama ya ce shi ma ya yi shekaru a zamanin gwamnatin kwaminis ta ƙasarsu yana tsayuwa gaban yara da hoton wani mutum a bayansa, yana gaya musu uban kowa ne, kuma bai mutu ba. Ya ce aiki ne.

"Ka yi min faɗa mana."

"A kan me? Ni ne na je inda ba a gayyace ni ba." Ya kalli cikin kwanonsa. "Da dai kin bar mahaifiyarki a hoton. Ita ai yanzu ba za ta yi magana ta tona ki ba."

Da wasa ya so ya faɗa, amma muryar ba ta kai ƙarshen wasan ba. Nan Rumyana ta kifa kai a kan tebur ta yi kukan da take riƙewa tun rana. Ya bar ta ta yi. Bai taɓa iya rarrashi ba, matarsa ce mai wannan aikin, don haka ya tashi ya rage wutar da ba ta bukatar ragewa, ya dawo ya matso mata da gishiri.

Da ta lafa sai ya koma maganar shiri, don shi mutum ne mai son a tsara abu. Ya ce garin nan bai kai girman da yake nunawa a taswira ba, iyayen yaran suna ko'ina, kuma ga shi ranar Lahadi sun ce za su hau jirgin ruwa zuwa tsibiri. Daga yau in sun fita zai riƙa bin ta a baya da ɗan tazara, in sun haɗu da wani zai tsaya yana kallon kanti. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya dame shi ɗaya ne: in ta yi masa nisa a cikin mutane, ko ya ga babur ya taho mata ta baya, dole ya kira ta, kuma ba zai kira ta da sunan da zai jawo mata matsala ba.

"Na gwada karanta sunan a allon, baƙaƙen nasu sun gagare ni. Gaya min."

Ta ce ba za ta faɗa ba. Rumyana sunan mahaifiyarsa ne, shi ya je da ƙafarsa ya sa aka rubuta shi ranar da aka haife ta. Ta ce ya kira ta yadda ya saba, duk abin da zai faru ya faru. Ya ce ta daina maganar yara. Ya harɗe hannu ya jira, kuma wajen jiran amsa babu wanda ya kai shi. Daga ƙarshe ta faɗa, a hankali, tana kallon tebur.

"Vendi," in ji shi.

A yarensu babu sautin da sunan yake farawa da shi. Kafin ta san abin da take yi, bakinta ya riga ya zagaye, yatsarta ta riga ta nuna leɓe, kamar yadda take yi wa yara kullum. Ya ajiye cokali, ya kalli bakinta da kyau, ya tattara nasa leɓɓan.

"Wendy," ya ce. "Na faɗa daidai?"

Ta ce daidai ne. Ya sake maimaita shi a hankali don kada ya manta, sannan ya ɗauki cokalinsa.